Abin da muke dubawa kafin mu ɗauki malamin kwamfuta aiki

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Don Allah a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu in yi magana da matasanmu na jihar Kebbi, musamman waɗanda sunka karanta kwamfuta a Waziri Umaru Poli ko jami'ar Aliero ko ta tarayya da ke Kalgo ko kwalejin Adamu Augie ta Argungu, waɗanda yanzu haka suke yawo da fayil ɗin takardu a hammata suna neman aikin koyarwa. Ni ina da 'yar cibiyar koyar da kwamfuta a nan Birnin Kebbi, kuma ina zama da 'yan uwana masu irin wannan sana'a da masu makarantun kuɗi, kukanmu duk ɗaya ne, masu neman aiki ga su nan birjik amma malamin da za ka damƙa wa ɗalibai ka juya baya hankalinka kwance shi ne ke wuyar samu. Su kuma matasan nasu kukan shi ne wai komai sai da hanya, in ba ka da wani babba ba a ɗaukarka. Ban ce babu hakan a wasu wurare ba, amma mu da muke biyan albashi daga ɗan abin da ɗalibai ke biya ba mu da halin ɗaukar mutum don shi ɗan wane ne, in bai iya ba ɗalibai za su watse kuma asarar a kanmu take. Shi ya sa na ga gara a faɗi abin a fili kowa ya ji ya shirya.

Aikin dai akwai shi, kuma ƙaruwa yake yi. Tun 2015 JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir ta koma kwamfuta gaba ɗaya, WAEC ma ta fara tata a 2024 da masu zana jarrabawa masu zaman kansu, kuma gwamnatin tarayya ta nuna can take so a dosa da sauran jarrabawar kammala sakandare. Ga neman aikin soja da ɗan sanda da kwastan duk ta intanet ake cikewa, ga ma'aikatan gwamnati da ake ce musu su kawo rahoto a buge, ga 'yan kasuwar shinkafa da albasa da sunka fara gane cewa littafin bashi na takarda yana cin su. Duk waɗannan wani ne zai zaunar da su ya koya musu.

To abu na farko da nake so ƙannena su gane shi ne iya kwamfuta daban, iya koyar da ita daban. Wallahi wannan shi ne inda mafi yawa ke faɗuwa. Idan mutum ya zo intabiyu wurina ba na ɓata lokaci kan CV, ina dubawa dai sama-sama, sai in kira ɗalibi ɗaya sabon shiga wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba in ce bismillah, koya masa ya buɗe Word ya rubuta sunansa da sunan garinsu ya adana a folda, ya rufe, ya sake nemo shi da kansa. Ni kuma in koma gefe in yi shiru. Abin da nake kallo ba saurin hannun malamin ba ne, a'a ina kallon hannun wa ke kan linzamin. Da yawa ba sa iya jurewa, da ɗalibin ya ɗan yi kuskure sai su fizge su ce kawo ka gani, su yi fat-fat-fat su gama cikin ƙiftawar ido su juyo suna murmushi su ce ka gane ko, shi kuma yaron don kunya ya ce eh na gane, alhali ko abu ɗaya bai shiga kansa ba. Wannan kamar ka kai mutum kogin Matan Fada na Argungu ne ka ce za ka koya masa kamun kifi, sannan ka ce ya tsaya bakin gaɓa yana kallonka kana kamawa. Malamin da nake nema shi ne wanda zai harɗe hannunsa a baya ya bar ɗalibin ya danna inda ba daidai ba, ya bar shi ya ga abin da ya faru, sannan ya tambaye shi to yanzu mi kake ganin za mu yi. Wanda ya iya wannan ko da difloma kawai gare shi ya riga ya wuce mai digiri a wurina.

Sai maganar harshe, kuma nan zan ɗan daɗe don tana ci min rai. Ɗalibanmu daga ina suke fitowa? Daga Kalgo, Bunza, Gwandu, Jega, Kamba, wasu daga ƙauyukan da ko wutar lantarki ba ta isa ba, mafi yawansu Turancinsu bai taka kara ya karya ba, kuma ba laifinsu ba ne. Sai ka ga matashi ya tsaya gaban allo yana zuba Turancin da ya haddace daga handawut, ma'anar kwamfuta kaza, tsara ta farko tsara ta biyu, ire-iren kwamfuta kaza, ɗalibai na kwafa suna hamma, a ci sati ana wannan ba a taɓa kibod ba. In ka yi masa magana ya ce ai haka anka koya musu. Ni abin da nake so in ji shi ne ka bayyana wa dattijo ɗan shekara hamsin da Hausa tsantsa bambancin adana fayil da sake adana shi da wani suna, ko dalilin da ya sa abin da ya goge bai tafi gaba ɗaya ba yana nan cikin kwandon shara, har ya gyaɗa kai don ya fahimta da gaske. Amma kuma kada a yi min gurguwar fahimta, ba cewa nake a watsar da Turanci ba, domin abin da ke rubuce a sikirin da Turanci yake kuma ranar jarrabawa shi ɗalibin zai gani. Malamin ƙwarai yana faɗin sunan abu yadda yake a sikirin, ya warware shi da Hausa, ya maimaita har kunne ya saba. Wanda ya ƙara da Zabarmanci ko Fulatanci ko Dakarci kuwa wannan riba ce babba a jiha irin tamu, kuma ina ba matasa shawara su rubuta shi a CV ɗinsu, da yawa suna ɓoyewa suna ganin ba abin faɗi ba ne alhali shi ne zai iya sa a zaɓe su. Haka nan wanda ya san yadda ake fitar da ɓ da ɗ da ƙ a kwamfuta da waya, domin muna samun masu kawo wa'azi da takardun ƙungiya da katin biki da Hausa a buga musu.

Haƙuri ma ba irin na baki ba. Ajinmu ba kamar ajin sakandare ba ne inda kowa sa'ar kowa ne. A benci ɗaya za ka samu yaro ɗan shekara 16 da ke shirin JAMB wanda ya riga ya ƙware a waya yana jin kamar ana ɓata masa lokaci, kusa da shi ga magidanci ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya haife ka, yana tsoron danna wani abu kada ya lalata kayan mutane, hannunsa har rawa yake. Wannan bawan Allah girmansa ya ajiye ya zo, in ka yi masa tsawa ko ka yi dariya gaban yara ba zai ce maka komai ba, gobe dai ba za ka gan shi ba, kuma zai gaya wa abokan aikinsa kada su zo. Ina lura da yadda mai neman aiki ke gaisawa, yadda yake cewa Baba ko Alhaji ko Hajiya, ko yana tashi in babba ya shigo. Wasu za su ce mi ya haɗa wannan da kwamfuta, to a garin nan ya haɗa su ƙwarai.

Game da abin da ya kamata mutum ya iya da hannunsa, gaskiya ba wani abu mai nisa muke nema ba. Word a iya shi da kyau, ba buga wasiƙa kawai ba, a iya tebur da lambar shafi da jera takarda yadda furojet ɗin ɗalibi zai fito tsaf. Excel kuwa shi ne ke tona asirin mutane, kowa zai rubuta a CV ya iya amma ka ba shi sakamakon aji ka ce ya fitar da jimla da matsakaici da na ɗaya zuwa na ƙarshe da fomula ba da kalkuleta ba sai gumi ya karyo. Wanda ya iya haɗa wa makaranta takardar sakamako ko ya haɗa wa ɗan kasuwa lissafin buhunan da sunka shigo da waɗanda sunka fita da bashin da ke waje, wannan ba ya rasa aiki a Kebbi. CorelDraw ma har gobe shi ke ciyar da yara da yawa saboda katin biki da kalanda da fosta. Sai imel da cike fom a intanet da rage nauyin hoto ya shiga fotal. Masu koyon rubuta manhaja da nazarin bayanai, irin waɗanda sunka shiga shirin 3MTT da ma'aikatar sadarwa ta Bosun Tijani ta ƙaddamar a 2023 don horar da mutum miliyan 3, ina taya su murna kuma muna buƙatarsu don akwai ɗaliban da sun wuce matakin farko suna son ci gaba, amma su sani mafi yawan wanda zai shigo ƙofarmu daga kunna kwamfuta zai fara, in kana jin ka fi ƙarfin koyar da wannan to aikin ba naka ba ne.

Masu shirya yara don JAMB kuma dole malami ya san yanayin jarrabawar kansa, tambaya 180 cikin awa 2, sittin na Turanci arba'in-arba'in na sauran darussa uku, kuma ana iya amsawa da kibod kawai, A B C D don zaɓen amsa, N a ci gaba P a koma baya. Yaro da yawa ya san karatun amma tsoron na'urar ke kayar da shi, yana ganin agogo na tafiya a sikirin sai ya rikice. Aikin malami ya sa shi ya yi gwaji da lokaci har tsoron ya fita.

Akwai wani abu da ba a rubutawa a tallan neman ma'aikaci amma duk mai cibiya yana dubawa, wato in na'ura ta tsaya mi za ka yi. Kwamfutocinmu mafi yawa na hannu ne, an yi amfani da su a Turai kafin su iso mu, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka, ga zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 har laftof ta kashe kanta, ga filashin ɗalibai da ke yawo da bairos daga wannan shago zuwa wancan. Malamin da in sikirin ya ƙi kawowa zai zauna ya naɗe hannu ya ce a kira injiniya, alhali waya ce kawai ta saki ko ram, wato ɗan allon ma'adanar wucin gadi da ke cikin na'urar, ne ke son a cire a goge a mayar, wannan nauyi ne ya ƙara min. Ba cewa nake ka zama mai gyara ba, amma ka iya sa Windows, ka iya haɗa firinta, ka iya cire takardar da ta maƙale, ka iya haɗa kwamfutoci su ga juna. Yanzu ma da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025 kuma tsofaffin na'urori da yawa ba sa ɗaukar Windows 11, mai cibiya yana son wanda zai ba shi shawara ta gaskiya kan wacce za a riƙe wacce za a sayar. Wuta kuma kowa ya san halin da ake ciki, tun da anka cire tallafin mai a 2023 janareto ya zama sai dole, da yawanmu mun koma sola, to malami ya san karatun inbata, ya san in batir ya yi ƙasa wace na'ura za a fara kashewa, kada ya jona abin dafa ruwa ko ya bar firinta mai zafi a kunne ya ƙone min kaya. Kuma in wuta ta ɗauke tsakiyar darasi ya kasance yana da abin yi da ɗalibai, ko atisayen yatsu a kibod ko a koma waya a koyi imel, ba a ce kowa ya tafi gida ba alhali wani daga Kalgo ya biya kuɗin mota ya zo.

Yanzu in zo kan amana, wadda a wurina ta fi duk abin da na faɗa nauyi. Iyaye a jihar nan ba su cika sakin 'ya'yansu mata zuwa irin wuraren nan ba, wanda ya yarda ya kawo ɗiyarsa to amana ya ba mu, wani ma sai ya zo da kansa ya ga wurin ya ga malamin kafin ya biya. Malami ɗaya ya karɓi lambar ɗaliba ya fara tura mata saƙon dare, ko ya riƙa dafa hannunta a kan linzami da sunan koyarwa, wallahi ya kashe cibiyar gaba ɗaya kuma ya toshe wa 'yan mata da yawa hanya, don labari zai zaga unguwa a ce ai dama mun faɗa. Shi ya sa kafin in ɗauki mutum sai na tambayi inda ya taɓa aiki da unguwarsu da wanda zai tsaya masa, kuma shi ya sa duk mai cibiya a Kebbi ke neman malama mace ido rufe. 'Yan uwana mata da kunka karanta kwamfuta kuna zaune a gida, ku fito don Allah, akwai matan aure da yawa da mazajensu za su bar su su koya in mace ce za ta koyar, ko da ajin safe ne na mata zalla. Iyaye da mazaje su ma su duba wannan.

Amanar ba ta tsaya nan ba. Ta hannun malamin kwamfuta lambar NIN ɗin mutane ke wucewa, da BVN da kalmar sirrin imel da hotunan takardun makaranta, tun da JAMB ma tun 2021 ba ta rajista sai da NIN. Dattijo zai miƙo maka wayarsa ya ce ɗana duba min, har lambar sirrin bankinsa zai faɗa maka ba ka tambaya ba. Malamin da nake so shi ne zai ce a'a Baba wannan ba a faɗa wa kowa ko ni, ya juya kansa ya bar shi ya danna. Ƙasar nan ma tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023, amma kafin doka ai akwai tsoron Allah. Sannan duk wanda ya zo min da maganar yana da hanyar taimaka wa yara a jarrabawa ko ya iya gyara sakamako a kwamfuta yana ganin zai burge ni, nan take maganarmu ta ƙare.

Satifiket fa? Yana da amfani, kada wani ya ce na ce a jefar. Makarantun sakandare da firamare za su tambaye ka NCE ko digirin koyarwa da rajistar TRCN, wato hukumar rajistar malamai ta ƙasa, aikin gwamnati kuwa ba a ma maganarsa sai da takarda, kuma wanda ya karanta fannin koyarwa yakan fi sanin tsara darasi daga sauƙi zuwa wuya. Amma a cibiyoyi irin namu takarda tana sa a kira ka ne kawai, abin da ka yi gaban ɗalibi shi ke sa a riƙe ka. In za ka zo ka zo da abin nunawa, katin da ka zana, takardar lissafin da ka haɗa wa wani shago, jadawalin yadda za ka koyar da sabon shiga cikin wata uku. Kuma in an tambaye ka abin da ba ka sani ba ka ce ban sani ba amma zan bincika, ya fi min ka tsaya kana kame-kame, don wanda zai yi min ƙarya a intabiyu zai yi wa ɗalibi a aji.

Ba zan rufe ba sai na juyo kanmu mu masu ɗaukar aikin, don adalci. Muna neman mutum ya iya koyarwa, ya iya gyara, ya iya sola, ya buga takardun kwastoma, ya share shago, sannan a ƙarshen wata a miƙa masa abin da ko kuɗin kabu-kabunsa bai kai ba, wani lokacin ma a ce ya yi haƙuri sai ɗalibai sun biya. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 tun 2024, kuma ko da dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, buhun shinkafa bai san wannan ba. Na san halin da cibiyoyi ke ciki, haya da batir da data sun yi tsada kuma iyaye ba su da ƙarfin a ƙara musu kuɗi, amma in ba za ka iya albashi mai kauri ba ka yanka wa malami kasonsa a kan kowane ɗalibi, ka bar shi ya riƙa ɗan aikin zane da buge-buge da na'urorinka bayan an tashi, ku rubuta yarjejeniya a takarda kowa ya sa hannu. Idan ba haka ba duk wanda ya ƙware zai tafi Sakkwato ko Abuja ko ya buɗe shagon POS, mu ci gaba da kukan babu malamai.

Roƙona ga mai girma gwamna Nasir Idris Kauran Gwandu, wanda shi kansa malami ne har ya shugabanci ƙungiyar malamai ta NUT ta ƙasa, shi ne in za a kai kwamfutoci makarantun gwamnati a haɗa da ɗaukar wanda zai koyar da su da kuɗin kula da sola, kuma a gwada mai neman aikin a gaban na'ura da ɗalibi kafin a ba shi takardar kama aiki. Manyan makarantunmu kuma don Allah idan ɗaliban kwamfuta za su fita sanin makamar aiki a riƙa turo wasu cibiyoyin koyarwa a ƙananan hukumomin nan 21, su zauna da sabon shiga su koya masa da Hausa na wata uku ko huɗu, mu a shirye muke mu karɓe su mu sa musu hannu a littafinsu.

Na gode Malam Edita, Allah ya bar zumunci.

Naku,
Mai cibiyar koyar da kwamfuta,
Birnin Kebbi, jihar Kebbi.